Hoton wata shi ma karatu ne



Ina koyar da manya karatu da rubutu a wani ƙauye na ƙasar Madawa, kusa da fadamar Tarka. Wani dare da rani mun tashi daga aji bayan lisha. Wata ya kwana goma sha huɗu, gari ya yi haske har kana iya tsintar allura. Cikin ɗalibaina akwai wani dattijo, manomin albasa, ya ba shekara sittin baya. Ɗansa yana bida a Abijan, ya aiko masa da salula mai hoto. Dattijo ya ɗaga waya sama, ya latsa, ya duba. Sai ya miƙo mini ita.

Ya ce, "Malam, dibi abin da yaron ga ya aiko man. Wayag ga lalatatta ce? Ni wata nika gani, ita ko ƙwai ta ɗauko."

Na duba, na ga gaskiyarsa. Wani farin ɗigo ne cikin baƙi, kamar ɗan dunƙulen fura a gindin tukunya. Sauran ɗalibai sunka fashe da dariya. Wani ya ce, "Baba, bar abin ga, aikin yara ne." Dattijo ya sa wayarsa aljihu, bai ƙara cewa komi ba.

Wannan dariya na san ta. Ita ce ake yi wa babba ranar da ya fara kama alli, ya rubuta "a" ta fito kamar lauje. Na ga mutane da yawa da dariyar nan ta kora daga aji, ba su sake komowa ba. Shi ya sa na ƙi barin maganar ta wuce. Ra'ayina shi ne, ɗaukar hoton wata karatu ne kamar kowane karatu. Yana da ƙa'ida, ana koyon sa, ana iya shi. Kuma wanda ya iya shi, da wuya a yi masa ƙarya da hoto.

Mi ya sa hoton farko ke lalacewa?

Ni ma a daren nan ban san amsa ba. Da na shiga Madawa sai na tambayi wani saurayi mai ɗaukar hoton biki. Na haife shi, amma ban ji kunya ba, matambayi ba ya ɓata. Abin da ya nuna mini na gwada shi wata guda cur kafin in kawo maka.

Wata ba shi da hasken kansa. Hasken rana ne ke faɗa masa, shi kuma ya maido mana, kamar bangon da anka shafa wa farar ƙasa da hantsi. Ke nan in ka ɗaga waya da dare, dutse kake ɗauka wanda rana ke duka. Waya ba ta san haka ba. Ita baƙin sama take gani ya cika mata ido, sai ta ce dare ne, ta buɗe idonta iyakar buɗewa, ta daɗe tana shan haske. Hasken wata sai ya yi mata yawa, ya shafe duk zanen da ke jikinsa. Kamar mai dama fura ne, in ruwa ya wuce kima, ba a ganin gari.

Abu na biyu, hannu yana rawa. Ko kai ba ka ji ba, waya ta ji. Muddin idonta na buɗe, ɗan motsi kaɗan ya isa ya dagula hoto.

Abu na uku, wata ƙarami ne a sama, ya fi yadda kake zato ƙanƙanta. Miƙe hannunka iyaka, ka rufe ido ɗaya. Kan ƙaramin yatsanka zai rufe shi ruf, ko lokacin da yake fitowa daga gabas kana ganin sa kamar faifai. Shi kansa babba ne, faɗinsa kilomita 3,474. Nisa ne ya maishe shi haka, don tsakaninmu da shi wajen kilomita 384,000 ne. Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. To sai ka je Yamai ka komo sau 380 da ƴan kai kafin ka cika wannan tafiya.

Saboda haka kada ka zargi wayarka, kada ka zargi kanka. Ko Louis Daguerre, Bafaranshen da ke cikin waɗanda sunka ƙago hoto, da ya gwada wata a 1839 dishi-dishi ya fito masa. Sai a 1840 wani malamin kimiyya a Amurka, John William Draper, ya samu hoton da ake gane wata a ciki, shi ma sai da ya bar na'urarsa tana kallon sama wajen minti 20. Masu ilimi da kayan aiki sun faɗi kafin su tashi. Da rarrafe yaro kan tashi.

Abin da za ka yi

Na farko, goge idon waya da gefen riga mai tsabta. Wayar da ke kwana cikin aljihu tare da goro da ƙura, idonta ba ya rasa dauɗa.

Na biyu, kashe wutar nan mai walƙiya. Haskenta bai wuce taki kaɗan ba, ba ya kai ko bakin zaure, balle wata.

Na uku, kada ka riƙe waya a iska. Aza ta bisa katanga, ko turmi, ko buhun hatsi, ko gefen amalanke. Tokare ta da dutse ko takalmi. In wayarka tana da agogon jira, sa shi daƙiƙa 3 ko 10, ka latsa ka ɗauke hannu, ta ɗauka da kanta.

Na huɗu, wannan shi ne babba. Taɓa wata da yatsa bisa gilashin waya. Ka gaya mata ke nan, "Wannan nike so." A yawancin wayoyi za ka ga wata ƴar alama mai kama da rana ta fito. Ja ta ƙasa sannu sannu. Sama zai ƙara baƙi, farin ɗigo zai ragu, sai ka ga gefen wata ya fito sak, tabon jikinsa ya fara bayyana. In wayarka tana da wurin da anka rubuta "Pro", shiga, ka maida ISO ga lambar da ta fi ƙanƙanta, 50 ko 100, ka ƙara sauri har zanen wata ya fito. Ka ga amfanin sanin lambobi.

Na biyar, kada ka jawo hoto kusa har iyaka. A yawancin ƙananan wayoyi jawowar nan buɗa hoto kawai take yi, kamar a ja roba, ba ta ƙara komi. Jawo kaɗan ya isa. In akwai mai madubin hangen nesa a garinku, aro shi, ka haɗa idon waya da idonsa, za ka sha mamaki.

Na shida, ɗauki da yawa, goma ko ashirin, ka zaɓi ɗaya ka share sauran. Kuma ka sani wata ba ya jiran ka. Cikin minti biyu yana gusawa kamar faɗin kansa, sai ka riƙa gyara zaman waya.

Wane dare ya fi?

Kowa daren sha huɗu yake so, farin wata sha kallo. Amma in zanen jikinsa kake bida, daren bakwai ko takwas ya fi, lokacin da yake rabi.

Mutanen Keita da Buza, ku kun san dalili ko ban faɗi ba. Dubi duwatsun Tamaske ko na Garhanga da sassafe. Kowane kwazazzabo, kowane tudu yana da inuwarsa, kana rarrabe su ɗaya ɗaya. Da rana ta take tsaka, inuwa ta ɓace, dutse ya zama shafe. Haka wata yake. Daren sha huɗu rana tana dukan fuskarsa kai tsaye, ba inuwa. Daren bakwai tana dukan sa daga gefe. Nan kan iyakar haske da duhu, nan ramuka da duwatsu ke fitowa. Mu a Adar mun san rabin wata da ake ginawa a fako don ya tare ruwa. To rabin wata na sama inuwa yake tarewa.

Ramukan nan, duwatsu ne sunka faɗo daga sarari sunka yi su. Baƙaƙen tabon kuma filaye ne na narkakken dutse da ya malala ya daskare tun zamani mai nisa. Mu nan damina ɗaya ta isa korama ta cinye rabin gona. Can babu iska, babu ruwan sama, rami sai ya yi shekaru dubban dubbai yana nan yadda yake. Ko sawun da Neil Armstrong da Buzz Aldrin sunka bari a watan Yuli na 1969, babu iskar da za ta share shi.

In kuma cikakken wata kake so, kada ka jira dare ya raba. Fita da almuru, daren sha uku ko sha huɗu, ka fuskanci gabas. Lokacin nan sama yana da sauran haske, waya ba ta ruɗewa. Sa wani abu naka cikin hoto: rumbu, gawo, hasumiyar masallaci, ko layukan bedin nan da anka fara dasawa a fadamar Majiya tun 1975 don tare iska. Ƙaramar waya ba za ta ba ka ramuka kamar babbar na'ura ba, wannan gaskiya ce. Amma za ta ba ka wata bisa garinku.

Da hunturu hazo yana rufe shi, da damina hadari. Kaka ta fi, ko daren da ruwa ya wanke sama.

Masu cewa aikin banza ne

Wani ya ce mini, "Malam, hoton wata ana ci nai? Ga gona, ga awo, ga caji da kuɗi." Gaskiya ne ba a cin sa. Harafin "a" ma ba a cin sa. Ɗaukar hoto ba ya cin kuɗin kira, ba ya bukatar intanet, minti goma ne bayan an gama aikin yini. Mace ma ba sai ta fita ba, daga tsakar gida wata yana ganin ta, tana ganin sa.

Wani kuma ya ce, "Hotunan wata masu kyau sun cika waya, mi za ya sa in wahala?" Na ce da shi, masu rubuta wasiƙa ma sun cika bakin kasuwa, mi ya kawo ka aji? Ka zo ne don ka gaji da wani ya karanta maka, ya gaya maka abin da ya ga dama. Hoto ma haka yake. Wanda bai taɓa ɗauka da hannunsa ba, duk abin da anka nuna masa sai ya yarda.

Ka san ko ita waya tana iya ƙara gishiri? A 2023 an yi ta gardama bisa wasu manyan wayoyin Samsung masu fitar da hoton wata tsaf tsaf. Kamfanin ya bayyana cewa in wayar ta gane wata ne ake ɗauka, tana amfani da abin da anka koya mata daga hotunan wata masu yawa, ta gyara naka, ta ƙara masa bayyana. Ke nan abin da ka gani a gilashi ba duka ne idon waya ya gani ba. In na'ura tana yin haka, ina ga ɗan Adam?

Hoto da tsayuwar wata

Nan maganar ta fi nauyi. Ƙasar Madawa tana iyaka da Najeriya, dangi nan, dangi can. Mun sha ganin Sallarmu da tasu sun bambanta da kwana ɗaya. A 2024 mu a Nijar mun yi ƙaramar Salla ran Talata 9 ga Afirilu, su kuma ran Laraba 10. Hukuncin tsayuwar wata yana da masu shi: Majalisar Musulunci a Yamai, Sarkin Musulmi a Sakkwato, da malamai da shaidu. Ni malamin a-ba-ca-da ne, ba ni sa baki a nan.

Abin da ya dame ni shi ne hotunan da ke yawo a WhatsApp duk daren ashirin da tara. Tun kafin hukuma ta yi magana, sai ka ga hoto ya shigo: "An ga wata a gari kaza, tura wa ƴan'uwa." Ba sunan mai ɗauka, ba lokaci, ba komi. Na taɓa ganin ƴan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, sun kwana ba su gaisa ba saboda hoto irin wannan. Da na duba shi, wani ƙaton wata ne mai kauri, a tsakiyar baƙin sama, har da tauraro tsakanin ƙahonninsa.

Wanda ya bi wata da wayarsa wata guda ba za a ruɗe shi da wannan ba. Ya san jinjirin wata siriri ne kamar zare. Ya san yamma yake, ƙasa ƙasa, kusa da inda rana ta faɗi, sama yana da sauran ja. Ya san ba ya daɗewa yake bin rana. Ya san gefensa mai haske wajen rana yake kallo, shi ya sa a ƙasarmu yake kwanciya kamar ƙwarya. Ya san tauraro ba ya zama tsakanin ƙahonni, don wurin nan jikin wata ne, duhu kawai ya rufe shi. Ya san kuma ƙaramar waya da ƙyar take kama jinjiri a daren farko.

Akwai wani abu kuma. Waya tana ajiye rana da lokacin da anka ɗauki hoto. Amma in an tura shi ta WhatsApp yadda anka saba turawa, wannan bayani yana gogewa. Hoton bara sai ya zama na bana, na wata ƙasa ya zama na ƙauyenku. Saboda haka in hoto ya shigo maka, tambayi abu uku: wa ya ɗauka, yaushe, a ina? In ba amsa, bar shi ya kwana a wayarka. Ka jira sanarwar masu hukunci.

Waya da kaye

Shi ya sa nake cewa hoto ba ya cika sai da rubutu. Ga aikin da na ba ajina, kai ma na ba ka. Samu kaye, ka ware shafi biyu. Daga tsayuwar wata, kowane dare ɗauki hoto ɗaya, ka rubuta layi ɗaya. Kamar haka: "Talata, ƙarfe 7 da minti 10 na marece, wata kwana 3, yamma, bisa gawon bakin rijiya."

Layi 29 ko 30 ke nan. Kafin ka gama, ka rubuta sunayen kwanakin mako sau huɗu, ka karanta agogo sau talatin. Kuma za ka gano abubuwa da kanka. Za ka ga a daren biyu da uku ana hango sauran jikin wata dishi-dishi, wannan hasken duniyarmu ne ke faɗa masa. Za ka ga bayan sha huɗu kullum yana makara da fitowa wajen minti 50, har ya kai sai da asuba za ka same shi. Za ka ga fuska ɗaya yake nuna mana kullum, tabon nan ba ya sakewa. Bayansa ba wanda ya taɓa gani sai a 1959, da wani kumbon Rasha mai suna Luna 3 ya zagaya ya ɗauko hoto.

Daga nan sai lissafi. Zagayen wata kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wani ke cika 30, wani ya tsaya 29. Wata 12 sun ba da kwana 354. Shekarar rana 365 ce. Debe ka gani: saura 11. Wannan 11 ita ke sa azumi yana ja da baya kowace shekara, daga bazara ya koma sanyi, daga sanyi ya koma kaka, sai bayan wajen shekara 33 ya komo inda ya taso.

Wanda ba shi da waya mai hoto, kada ya ce an bar shi baya. Bik ya isa. Zana abin da idonka ya gani, ka rubuta layinka. Galileo na ƙasar Italiya, da ya kalli wata da madubin hangen nesa a 1609, da hannu ya zana duwatsu da ramukan da ya gani, kuma har yau ana duba zanensa.

Dattijon nan fa? Kwana biyu bai zo aji ba. Na bi shi har garka, na same shi yana ban ruwa. Na ce, "Baba, wayarka lafiyarta lau, ni ne ban iya ba, yanzu na tambayo." Munka fara tare. Ya ɓata hoto ya fi ɗari. Da wata na gaba ya kwana goma sha uku, da almuru, ya aza waya bisa turmi, ya tokare ta da takalmi, ya ja hasken ƙasa da babban yatsansa mai kaushi. Wata ya fito bisa rudun albasarsa, ƙarami, zagayayye, da tabonsa. Ya zauna ya rubuta rana da lokaci cikin kaye. Layi ɗayan nan ya ci masa kusan minti goma sha biyar, ban taimake shi ba. Sannan ya tura wa ɗansa hoton.

Washegari ya shigo aji ya ce, "Malam, yaro ya kira. Ya ce ya gane rudu. Ya ce in ɗauko mai rijiya." Wanda ya ce aikin yara ne, shi ya fara miƙo wayarsa, ya ce, "Baba, gwada man inda ake taɓawa."

To ɗan'uwa, to ƴar'uwa, wata na nan tafe. Goge idon waya, nemi turmi, buɗe kaye. In na farko ya fito kamar ƙwai, ajiye shi, kada ka share, rubuta ranar. Bayan kwana talatin ka aza shi kusa da na ƙarshe, ka kawo mana aji mu gani.

Allah shi ƙara mana sani mai amfani. Amin.